Ɗakuna Biyun Da Ba Namu Ba

Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwan farko ya sauka, domin kaina ya kulle, kuma abin da ke cina ban iya faɗa wa kowa a gida ba. Ki sakaya sunana. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shekara goma sha shida ina riƙe da alli, amma watan jiya wata tsohuwa da ba ta taɓa zama a aji ba ta ka da ni a darasina. Tsohuwar nan mahaifiyata ce.

Bari in fara daga farko. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ni da yayata. Inna da injin niƙa ta raine mu, kuma da kuɗin injin nan ta gina gidan haya, ɗaki bayan ɗaki, har suka kai bakwai a jere, da kicin da banɗakuna a ƙarshen tsakar gida. Tun muna yara mun san abu guda: kuɗin hayar ɗaki na shida da na bakwai ba a taɓa su. In wata ya ƙare ta karɓo haya, sai ta ware na ɗakunan nan biyu gefe, ko da kuwa a ranar takalmina ya tsage. Duk abin da muka roƙa, amsarta ɗaya ce, wai kuɗin ba namu ba ne. Har suna muka sa mata a bayan idonta, muna kiranta Ba-Namu-Ba. Shekarar da na shiga kwaleji na roƙe ta ta saya min babur, ina ganin kuɗin a hannunta da idona, ta hana ni. Wallahi Anti, sai da na yi shekaru da abin a raina, kuma na sha faɗa wa matata cewa uwata mutuniyar kirki ce amma hannunta a dunƙule yake.

Shekara uku da suka wuce mantuwa ta fara kama Inna, sai ta koma wajen Yaya da zama. Kafin abin ya yi nisa ta kira ni, ta miƙa min makullai da littafin haya. Ta ce gidan ɗaki bakwai ne amma biyar ne namu. Na shida na rufi ne, na bakwai kuma na ruwa da wuta da sokawe, wato ramin ƙazantar banɗaki. Na ce mata to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi. A zuciyata kuwa cewa na yi ai zamanin ajiye kuɗi suna barci ya wuce. Na zauna da biro da takarda, na ga akwai fili a bayan gidan da zai ɗauki ɗaki biyu, na ga in na zuba hayar na shida da na bakwai a ciki, gidan zai koma ɗaki tara. Haka na yi shekara uku. Yanzu ginin ya kai linta, saura rufi da ƙofofi da shafe, kuma ina da ɗan abin da na tara don su. Yaya tana tsammanin da albashina nake ginin, har yabona take yi a gaban mijinta, ni kuma ban taɓa gyara mata zancen ba.

A ƙarshen daminar bara ɗaki na uku ya fara yoyo. Wata tela ce a ciki, shekararta tara a gidan, ba ta taɓa jinkirta haya ba. Ruwa ya zubo a kan yadin wata da ta kawo mata ɗinki, sai da ta biya daga aljihunta, kuma ko ɗaga min murya ba ta yi ba. Na sa aka liƙa kwalta, na manta da batun. Watan jiya ta tuna min cikin ladabi cewa damina ta kusa, sai na nemo tsohon kafintan da ya yi rufin tun asali. Ya hau cikin silin, bai daɗe ba ya leƙo ya ce in hawo da kaina, akwai abin da zai nuna min.

Na hau da kyar, ga zafi ga ƙura. Ya haska min babban katakon tsakiya da fitila. Anti, rubutun Inna ne a jiki, da fensirin kafinta. Ba zan taɓa kasa gane shi ba, domin lambobi kaɗai ta iya rubutawa, kuma bakwai ɗinta kullum baya take kallo. Shekaru biyu ta rubuta. Ta sama ita ce shekarar da aka yi rufin, shekara ashirin da biyu ke nan. Ta ƙasa kuwa ita ce bana. Kafinta ya ce ranar da za a ɗora katakon ta tsare shi, ta tambaye shi shekara nawa rufin zai rayu. Ya ce ashirin da biyar. Ta ce to ta cire uku, tunda kafintoci daɗin baki ne da su, sannan ta tsuguna ta rubuta kafin a ɗaga. Yana ba ni labarin yana dariya. Ya ɗauko ƙusa ya soka a katako uku, ta shige kamar a cikin burodi, gara ta gama da su. Kwanon kuma ta ciki duk tsatsa ce, kana ganin hasken rana ta ƙananan huduji.

Da na sauko sai na shiga zaga gidan kamar wanda bai taɓa shigarsa ba. A bayan tankin ruwa akwai lambobi biyu da fenti. A cikin murfin akwatin mita akwai biyu. A kan dutsen sokawe ta zana su da tsinke tun siminti yana ɗanye, wurin da na taka ya fi sau dubu ban taɓa duban ƙasa ba. A jikin ɗan ɗakin injin jan ruwa ma akwai, kuma ta ƙasan baɗi ce. Kowane babban abu a gidan nan ta rubuta masa shekarar haihuwa da shekarar da take sa ran zai mutu. Ni da nake ganin na san gidan nan ciki da waje, ashe makullai kawai na riƙe.

Ban gama farfaɗowa ba kafinta ya ce in je wajen mai sayar da kwano a layin 'yan kayan gini, in ce ni ɗan mai injin niƙa ne. Na je. Dattijon ya dube ni ya ce yana ta jiran wani daga gidanmu, har ya fara tunanin ko ya aiko. Ya kai ni can ƙuryar sito, ya yaye wata tsohuwar tampol. Bandir tara na kwano, an ɗora su a kan katakai don kada su taɓa ƙasa, kowane da ɗigon shuɗin fenti a gefe. Ya ce duk shekara biyu sai Inna ta zo ta biya bandir ɗaya ta bar shi a nan, wai kuɗi narkewa yake yi amma kwano ba ya narkewa. Ya ce sau uku mutane suna yi masa tayin su lokacin da kaya suka yi tsada, ya ce amana ce. Na ƙarshen ta biya shi ne watanni kaɗan kafin ta ba ni makullai, kuma ta gaya masa kwano ya cika, saura kuɗin katako da ƙusa da ladan masu aiki, wanda hayar shekara uku za ta isa. Anti, shekara ukun nan su ne na zuba a bulo.

A akwatin Inna da ke gidan Yaya na sami rasit ɗin duka tara a cikin gwangwanin madara. Na farkon, a watan da na roƙi babur aka rubuta shi. Na zauna a bakin gado riƙe da takardar nan. Rufin a lokacin shekararsa uku kacal, yana ta ƙyalli, babu mai hankalin da zai ce a fara tanadin wani, amma ita ta riga ta hango ranar da zai tsufa. Inna tana zaune kusa da ni tana kallona da murmushi, irin wanda take yi wa baƙi, domin yanzu wata rana takan gane ni wata rana kuma ta ɗauke ni ƙaninta. Amma Yaya ta ce ko yayyafi aka fara, sai ta ɗaga kai tana bin silin da ido kusurwa-kusurwa, tana tambaya ko an duba ɗakunan mutane. Ban san irin kan da Allah ya ba matar nan ba. Ina alfahari da ita, kuma kunyarta ta hana ni sakewa.

Ga inda na tsaya. Abin da na tara zai iya ɗaya cikin biyu. Ko dai in sayi katako in biya kafinta a sake rufin tsohon gida gaba ɗaya, sababbin ɗakunan kuma su ci gaba da tsayuwa babu rufi har sai yadda hali ya yi. Ko kuma in ɗauki bandir uku daga cikin taran in rufe sababbin, in sa ƙofofi in zuba 'yan haya, tsohon rufin a lallaɓa shi da kwalta da canjin katakan nan uku, nan da shekara biyu sabuwar haya ta mayar da kwanon har da riba. A takarda hanya ta biyu ta fi, na buga lissafin ya fi sau goma. Matata ma ita take so, ta ce bulo da siminti ba sa son ruwa, kuma gaskiyarta. Amma duk lokacin da na tashi zuwa wajen mai kwano sai ƙafata ta yi nauyi. Yaya ta san labarin kwanon, har kuka ta yi, ta ɗauka kuɗin aiki suna nan ajiye kamar yadda Inna ta tsara, kullum tambayata take yaushe za a fara. Me zan yi, kuma ta ina zan fara gaya mata?

Malamin Lissafin Da Ya Faɗi

*

Malam, sannu da wannan nauyi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun a tsaye, sannan na zaga bayan gidana na duba tankina. Babu lamba ko ɗaya a jiki, don haka ba kai kaɗai Inna ta ka da ba. Masu gidajen haya da yawa, har da masu manyan digiri, suna ɗaukar duk abin da ya shigo a matsayin riba, sai ranar da rufi ya buɗe su shiga neman rance. Mahaifiyarka ta gane cewa gida yana tsufa kowane wata, ko an ga alama ko ba a gani ba, kuma kuɗin tsufan nan daga cikin hayar ake cire shi kafin a ce an ci riba. Abin mamaki ne ƙwarai, kuma ka yi daidai da kake jin girmanta.

Ba zan ce dabararka shirme ce ba. Ƙarin ɗaki ƙarin haya ne, kuma matarka ta yi gaskiya cewa gini ba ya son zama a ruwa. Ba caca ka yi da kuɗin ba, ba kuma mota ka saya ba, a cikin gidan ka zuba su. Ita ma Inna ba a rasa inda za a gyara mata. Da ta zaunar da ku tun kuna yara ta nuna muku katakon nan, da ba ku sa mata suna ba, da kai ma ba ka ce mata to ɗin tsofaffi ba. Ajiye kaya shekara da shekaru a siton wani kuma sa'a ce ta gamu da mai amana, ba abin da zan ce kowa ya kwaikwaya ido rufe ba ne.

Amma lissafinka akwai abin da ya bari a waje. Ka sa hayar da za ta shigo, ba ka sa iskar farkon damina ba. Katako uku kafinta ya soka, ba duka ya soka ba, kuma gara ba ta cin uku ta ƙoshi. In rufin ya tashi a kan iyali bakwai, ba kwano kaɗai za ka saya ba, har da silin da wayoyin wuta da kayan mutane, in ma abin ya tsaya a kan kaya. Telar nan ta riga ta biya maka kuskurenka sau ɗaya daga aljihunta, ka je ka mayar mata da kuɗin yadin nan a makon nan. Sannan ɗakuna tara za su hau kan injin ruwan da Inna ta ce baɗi zai mutu, kuma tunda ta ci ta rufi daidai, ni ba zan yi gardama da ita a kan injin ba. Abu mafi girma kuma shi ne kwanon nan ba naka ba ne, ba na Yaya ba ne. Mai shi tana raye, ta kuma faɗi abin da ta saye shi domin sa tun hankalinta yana tare da ita. Mantuwar da ta same ta ba ta mayar da dukiyarta taka ba. Nauyin da kake ji a ƙafarka ke nan.

Don haka ka rufe tsohon gida bana, da bandir taran duka. Kafin nan ka kai kafinta siton ya buɗe kowane bandir ya duba, musamman na farko-farko, kada danshi ya shiga tsakaninsu. Ka sanar da 'yan haya da wuri, a yi aikin ɗaki biyu-biyu don kada kowa ya kwana a waje. Sababbin ɗakunan kuma ba rushewa za su yi ba. Ka sa magini ya shafe saman bangon da siminti, ya buɗe wa ruwa hanya daga gindinsu, za su jira ka. In ma kafinta ya sami masu sauran ƙarfi a cikin tsohon kwanon da za a cire, ka tambaye shi ko za su yi rufin wucin gadi.

Maganar Yaya kuwa, ka je tun kafin a buga ƙusa ɗaya, kai kaɗai, ba tare da matarka ko mijinta ba. Ka tafi da littafin haya, ka faɗa mata yadda ka faɗa min, ba tare da ado ba: hayar ɗaki biyu ta shekara uku tana cikin bulon da take yabonka a kai. Za ta yi fushi, kuma tana da hakkin yi, ka bar ta ta yi. Ka gaya mata cewa ginin nan na Inna ne tunda da kuɗinta aka yi, kuma abin da ka tara zai tafi a katako da ladan aiki. Wadda ta yi kuka don ta ga kwano ba za ta yanke ka don ka zo da gaskiya ba, amma in ta ji daga bakin kafinta, gyaran zai fi na rufi wuya.

Bayan haka sai ka yi aikin da ka iya. Ka bi gidan ka kwafe duk lambobin Inna a littafi ɗaya, ka tambayi masu sana'a kuɗin sabon kowane abu a yau, ka raba da shekarun da suka rage masa, ka ga abin da ya kamata a riƙa warewa duk wata. Wataƙila hayar ɗaki biyu ta isa, wataƙila yanzu sai an ƙara, kuma duk shekara ka sake duba farashi don kaya ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ku buɗe wa gidan asusu nasa na kansa, wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannunka da na Yaya. Kada ka riƙa taɓa shi don canjin kan famfo ko makulli, waɗannan ƙananan gyare-gyare ne, daga hayar ɗakuna biyar za su fito. Injin ruwa ne na gaba, shi za ka fara tara wa daga ƙarshen watan nan. Sababbin ɗakuna sai bayan shi.

Ranar da za a ɗora babban katako, ka tsayar da kafinta ka tambaye shi shekara nawa. Duk abin da ya ce, ka cire uku. Ka kira 'ya'yanka da na Yaya su tsaya su gani, ka gaya musu dalili, sannan ka tsuguna ka rubuta. Tsohon katakon kuma ka sa a yanko maka wurin rubutun ka ajiye. In an yi ruwan farko, ka ɗauko Inna ka zaunar da ita a ɗakin telar nan. Wataƙila ranar ta ɗauke ka ƙaninta, ba komai. Za ta ɗaga kai ta bi silin kusurwa-kusurwa, kuma in ta tambaya ko an duba ɗakunan mutane, ka samu bakin ce mata an duba.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya daidaita tsakaninka da Yaya, ya sa a gama aikin lafiya kafin hadari ya haɗu. Ka gaishe min da ita.

Antinku